Ranar da Bafillace Ya Duba Wuyan Kartimer

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin shagona kuna latsa waya, kuna cewa aikin Baba Arzika ba wani aiki ba ne, murɗa bis huɗu ne, 'yan kusoshin nan masu murɗi, da soka wayoyi, ku matso ku zauna. Wanda ya ce ya gani a bidiyo an haɗa ordinater, wato kwamfuta, cikin minti goma, shi ya zauna a gaba, don da shi nake. A cikin bidiyon nan akwai sanyi, akwai kuran, wutar lantarki, da ba ya ɗaukewa, kuma ba wanda ya sayar da bijiminsa kafin a soma. Nan kuwa Dogon Dutsi ne.

Ni ban yi lakkol mai nisa ba. Aji huɗu na yi, mushe, wato malaminmu, ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya, na yi mishi godiya na fita. Diflom ɗina guda ce, ga ta nan a babban yatsa, inda ƙarfen darma ya yi mini tambari. Ba ta ɓacewa, gara ba ta cin ta, kuma ba a taɓa ce mini in kawo fotokofinta ba.

Rediyon farko da aka bari na taɓa ta wani mahauci ce. Maigidana Bayarabe ne mai gyaran rediyo kusa da tasha, Allah ya jiƙansa. Wata shida na yi a wurinsa ina ware bis, manya nan, ƙanana can. Ranar da ya miƙo mini rediyon mahaucin, na ɗauki turnabis zan kwance bis, ya buge mini hannu. "Hanci tukuna," in ji shi. Na sunsuna, na ji ƙauri kamar an babbake akuya. Ya ce in bi ƙaurin. Na bi shi da hanci har na kai ga wani ɗan baƙin abu da ya kumbura, kuma shi ne ya lalace. Daga rediyo na koma kaset, daga kaset na koma telebijin, hancin nan yana gaba ina biye.

Ordinater ta farko da ta shigo hannuna daga wani biro, wato ofis, aka kawo ta a kan amalanke, an lulluɓe ta da zane kamar mara lafiya. Sakataren ya rage murya ya ce iska ce ta shige ta, don tana kuka ita kaɗai ko ba a taɓa ta ba. Na buɗe, na tarar zanzaro ya gina gida mai ɗaki uku a jikin fanka. Na fasa gidan, na hure, na rufe, na ɗaure fuska irin ta manyan injiniyoyi, na ce su dawo jibi. In ka mayar wa mutum kayansa cikin minti biyar, ba ya ganin girmanka.

Kayan aikina ba su ƙaru sosai ba tun lokacin. Turnabis uku, mita mai allura, ƙarfen darma, tsohon buroshin haƙori, da gilashin ƙara gani da na saya wurin mai gyaran agogo. Ku da kuke da waya mai kyamara uku, ba wanda ya taɓa gyara ko tocila a cikinku.

To, kartimer. Ita ce faffaɗan allon nan da ke kwance cikin akwatin, wadda ake dasa komai a jikinta: furosesar, wato ƙwaƙwalwar inji, baret ɗin ram, inda inji ke aje abin da yake aiki a kansa, da katin hoto, wanda ke zana 'yan ƙwallon da kuke gudu da su. Ita ba ta gudu, ba ta lissafi, shi ya sa kowa ke raina ta. Mutum zai kashe kuɗinsa duka a kan katin hoto, sannan ya zo kanta da canjin da ya rage. Ita kuwa ita ke raba wuta ga kowa. In ta gaji, duk gidan ya kwanta.

Shekarar da haƙar kuɗin intanet ta shigo garin nan, kowane saurayi ya zama mai rijiya. Kirifto suke ce mata. Ka jera katunan hoto su yi ta lissafi ba hutu, can wani wuri da ba wanda ya taɓa zuwa a ba ka ɗan guntun kuɗin da ba a taɓawa da hannu. Ni dai na ce in dai akwai bis a jikin abin, ina ciki.

A wannan shekarar ce Sambo ya shigo shagona. Makiyayi ne daga wajen Ɗan Kassari, mun san juna tun yana kawo mini rediyon da yake ratayawa a kafaɗa. Ni Ba'are, shi Bafillace, kun san abin da ke tsakani: ba mu taɓa gaisawa da daɗi ba, kuma ba mu taɓa faɗa ba.

"Ina bawan nan nawa mai ƙona wayoyi?" in ji shi daga ƙofa.

"Ga ubangidanka nan zaune. Wa ya bar ka ka shigo gari ba igiya?"

Bayansa akwai ɗansa Hamadu, dogon saurayi mai shekara ashirin da wani abu, ya gama lise, wato babbar sakandare, yana riƙe da takarda da ya rubuta sunayen kaya a kai. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana son ordinater guda da za ta yi aiki biyu. Da rana samari su buga ƙwallo a kanta su biya, in ba kowa kuma ta yi haƙa. Ya riga ya kama ɗaki a bakin gudron, wato kwalta.

Sambo ya aike shi ya sayo goro. Da ya fita, tsohon ya jingine sandarsa, ya zauna a kan wata matacciyar telebijin, ya bar wasa.

"Arzika, shekara uku yaron nan shina neman aiki. Abokinshi Idi ya yi magana da mai mota, za su bi ta Agadas su haura. Ya ce da ni in bai samu abin yi nan ba, zai tahi. Na sai da bijimi."

"Wane?"

"Jan."

Na san jan bijimin. Duk wanda ke bin hanyar Ɗan Kassari ya san shi.

"Shi kaɗai ne nawa na saidawa," in ji Sambo. "Sauran na uwarshi ne da na ƙannenshi. In injin ga ya mutu, babu na biyu. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Hamadu ya dawo da goro, Sambo ya koma zagina.

Muka sayi katunan hoto uku na hannu, da furosesar, da baret biyu, da akwatin wuta mai ƙarfi, da telebijin, da manet huɗu, abin da ake riƙewa ana danna wasa. Kamar yadda na gaya muku, da aka zo kan kartimer, abin da ya rage na jan bijimi bai wuce wutsiya ba. Sai muka jira ranar kasuwa, ranar da wani ɗan kasuwa ke hauro da kaya daga ƙetaren iyaka. Sunansa ba ruwanku, mu dai Alhaji Sabo-Fil muke ce mishi, don ko takalmin da ke ƙafarsa ka tambaya, zai ce sabo ne fil.

Alhaji ya shimfiɗa mana kartimer uku a kan tabarma. Ta farko doguwa ce kamar allon makaranta, da ramukan kati a jere reras. Hamadu ya durƙusa gabanta.

"Baba Arzika, wagga ce! Rami goma sha biyu! Kati goma sha biyu ke nan!"

Na gyara zama, don nan ne fagena. Na ce mishi wannan don haƙa kaɗai aka ƙera ta. Furosesar ɗinta a manne take ba a canzawa, kuma ƙarama ce, ramin baret guda ɗaya tak. In ka sa mata ƙwallo, 'yan wasan za su riƙa tafiya kamar tsofaffin da suka dawo daga gaisuwar mutuwa. Kuma kati uku gare ka. Ramuka taran da suka rage, gyaɗa za ka shuka a ciki? Ko Allah ya ba ka sha biyun, kuran ɗin layinku duka ba zai ɗauke su ba.

"Amma nan gaba, Baba, in abin ya bunƙasa..."

"Nawa ka ce?" Sambo ya tambaya.

"Sha biyu, Baaba."

"Saniya nono huɗu gare ta. Mai sha biyu karya ce. Ni ban sai da bijimi don in sayi karya ba."

Nan maganar ta mutu. Bayanina na rabin awa bai yi abin da wannan ya yi ba, kuma har yau ban yafe mishi ba.

Ta biyu ce ta kama ni. Baƙa wuluk, tana sheƙi, da jan zane a jikinta, da 'yan fitilu masu canza launi. Irin wadda nake gani a hoto ne kawai. Alhaji ya faɗi kuɗinta, na ji ya yi daidai da wutsiyar bijimi, zuciyata ta ce Arzika, yau ka yi sa'a. Na kai ta hanci yadda aka koya mini. Ba ƙauri, ba komai, sai wani ɗan ƙamshi mai daɗi. Na ɗaga ta sama don kasuwa ta gani, na ce, "Ni Arzika, shekara arba'in ina wannan aiki, na ce wannan za mu ɗauka."

"Ba ni ita," in ji Sambo.

"Kai da ba ka san inda ake kunna ta ba?"

"Ba ni dai, kaɗo."

Ya karɓe ta da hannu biyu. Bai kalli fitilun ba ko sau ɗaya. Ya juya ta, ya kalli bayanta, ya karkata ta ga rana, ya bi gefenta da babban yatsa a hankali. Sai ya tsaya.

"Waɗanga ƙananan ramu na gefe, na mine ne?"

"Wurin bis ne. Nan ake ɗaure ta a jikin akwati."

"To, wurin igiya ke nan." Ya sake shafawa. "Aradu an taɓa ɗaure ta, kuma ta daɗe a ɗaure. Duba yadda ya cinye. Haka wuyan takarkari yake in ya yi shekaru shina jan guga. Sai su wanke shi, su shafa mishi mai a ƙaho, su ba shi kanwa ya sha ruwa cikinshi ya tashi, su kawo kara, kasuwar shanu. Mu wuya muke dubawa."

Na ciro gilashin mai agogo. Kowane rami yana da zobe a kewayensa inda kan bis ya ci. Na juya bayanta, daidai inda wuta ke shiga furosesar, allon ya yi ja-ja kamar ƙasan tukunya. Na leƙa cikin dogon ramin kati, ga farin gari ya bushe a lungu. Garin sabulu ne. An yi haƙa da ita har ta gaji, aka yi mata wanka, aka shanya. Ƙamshin da hancina ya yaba, na sabulu ne.

Ku rubuta wannan, don ba za ku sake jin sa daga bakina ba: ranar nan hancin shekara arba'in ya faɗi, yatsan makiyayi ya ci.

Alhaji ya rantse da abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya ce daga kamfani haka suke zuwa, gwaji ne ake yi musu.

"Ba gardama," in ji Sambo. "A kore ta mu ga gudunta."

"A yi mi?" in ji Alhaji.

"A kara ba a sayen dabba tana tsaye a inuwa. Sai an kore ta ta kai ƙarshen fili ta dawo, sannan ka sa kunne ka ji numfashinta."

"Malam, nan ba kara ba ce," in ji Alhaji.

"Kuɗin daga kara suka hito," in ji Sambo, ya zauna a bakin tabarmar, ya miƙe ƙafa, ya soma ɓare goro. Duk wanda ya zo duba kaya sai ya tarar da Bafillace a gaban hajar. Alhaji ya ga ranar kasuwa na wucewa, ya naɗe kartimer biyu a hammata, muka nufi shagona.

Bazara ce, rana tsaka, kwanon shagona yana ƙara don zafi. Na ɗora baƙar a kan kwali, na dasa furosesar, na soka baret, na sa katunan uku, guda a dogon rami, biyu ta wayar ƙari. Sambo ya ce a kashe fankar shago, don ɗakin Hamadu ma ba sanyi gare shi ba. Na kunna haƙa da dukkan ƙarfinta. Fitilu suka kama, ja, kore, shuɗi. Masu kabu-kabu suka aje babura suka cika ƙofa, mai shayi ya matso da gawayinsa. Alhaji yana murmushi yana cewa ku gani, ku gani.

Ba a sauke shayin farko ba hoton ya daskare. Telebijin ta yi shuɗi, ta yi baƙi. Sai ga ƙaurin nan na babbakar akuya ya tashi, har na bakin ƙofa suka toshe hanci. Fitilun dai suna ta canza launi abinsu, ba ruwansu.

"Ta durƙushe," in ji Sambo. "Kawo ɗayar."

Ta ukun ba wanda ya kalle ta tun safe. Kwalinta ya lotse a kusurwa, ita kanta ruwan ƙasa ce, ba zane, ba fitila, tsohon yayi ce da ta kwana a sito ba a saya ba. Na ba Sambo ya fara duba wuya. Ramukan bis sumul, ba abin da ya taɓa shiga. Sannan na yi nawa, kuma ku saurara, don wannan ne abin da kuka zo nema ko ba ku sani ba. Na duba gurbin furosesar ya dace da wadda muke da ita, don in bai dace ba ko da guduma ba ta shiga. Na leƙa 'yan alluran gurbin da gilashi, ba wadda ta lanƙwashe. Dogon ramin kati guda, gajeru biyu, daidai katunanmu uku. Ramin baret huɗu, ka sa biyu yau, ka ƙara biyu ranar da Allah ya hore. Abin da ya fi duka, kewaye da furosesar akwai ƙarafa masu tsaga-tsaga a kan 'yan abubuwan da ke raba wuta, su ke kwashe zafi. A garin da ake soya ƙwai a kan sirdin babur, kartimer mara waɗannan ƙarafa ba ta kai damina. Fitila kuwa ba ta ƙara wa inji gudu ko na taku ɗaya.

Muka kore ta tun daga azahar. Aka sha shayi na farko, na biyu, na uku. Na kashe haƙa na sa ƙwallo, masu kabu-kabu biyu suka karɓi manet, suka kusa dambe a kan fanareti. Na mayar da haƙa. Gumi ya jiƙe kowa, Alhaji ya cire hula yana fifita. Da aka kira la'asar, Sambo ya tashi, ya kai bayan hannunsa kusa da ƙarafan, ya sunkuya ya kara kunne ya daɗe.

"Tana numfashi daidai," in ji shi.

Bai tsaya nan ba. Ya kama hannun Alhaji, ya kira mai shayi da wani mai kabu-kabu su zama shaidu, ya ce yadda dillali ke tsaya wa dabba, haka Alhaji zai tsaya wa wannan: in ta kwanta kafin kasuwa biyu, ta koma gidan ubanta. Alhaji ya ce shi tun da yake bai taɓa sayar da kayan wuta da shaidu ba. Sambo ya ce to yau ya fara.

Ɗakin Hamadu ya buɗe, kuma ya yi kyau. Da yamma in an tashi daga lakkol ba ka samun wurin tsayawa. Haƙar kuwa, kada in yi muku ƙarya, ba ta taɓa sayen ko ɗan maraƙi ba. Tana dai biyan kuran, ta bar na shayi, ta kuma dafa ɗakin har bango ya yi ɗumi. Ƙwallon ce ke ciyar da shi. Idi ma ya ɗage tafiya, don ba ya son hamada shi kaɗai.

Sai muguwar shekara ta zo, kuma da sanda biyu ta zo. Ta farko, masu kuɗin intanet ɗin can suka canza tsarinsu, aka wayi gari katin hoto ba ya haƙo abin da zai biya wutar da ya sha. Wani ma'aikaci daga Tibiri da ya sayi mai rami sha biyun nan ya cika ta da kati, ya kawo mini ita yana tambaya ko za ta yi wasa. Na ce ba ta yi. Ko aikin biro? Na ce da ƙyar. Daga baya na ji matarsa ta ce a bar mata fankokin, tana shanya kuɓewa a gabansu. Sanda ta biyu ta zo bayan 'yan watanni: kuran ya yi mana yaji. Sai a kwana biyu, uku, ba a gan shi ba, in ya leƙo kuma kafin ka nemo filogi ya koma. Ni kaina na koma gyaran tocila da rediyo mai batir, na gode Allah da ban jefar da tsofaffin kayana ba. Ɗakin Hamadu ya yi makonni da kwaɗo a ƙofa.

Wata safiya ya shigo da ordinater ɗin a ka, ya dire ta a kan teburina.

"Baba, sa mata kuɗi. Idi ya samu mota, ranar kasuwa za ta tashi."

"Baabanka ya sani?"

"Zai ji."

Kwana biyar ya rage. Na ce mishi ya zauna, ya ce yana sauri, na ce wanda zai ƙetare hamada ya fara koyon zama. Na buɗe akwatin a gabansa, na zare katunan haƙa biyu na aje gefe, na bar guda. Na tayar da ɗan gurup ɗin maƙwabcina, wato janareta, na haɗa mita don a ga wutar da take sha, na sa ƙwallo.

"Karanta mini allurar nan, kai da ka yi lise."

Ya karanta. Ya sake karantawa.

"Baba, ai wannan bai kai rabin na da ba."

"Fano biyu, faifan nan masu jan wuta daga rana, da batir guda za su ɗauke ta har da telebijin. Katunan nan biyu kuwa, akwai masu haɗa bidiyon biki a Dosso da ke neman irinsu. Kuɗinsu ne za su saya maka rana."

"In ba ta yi ba hwa?"

"In ba ta yi ba, ni zan kai ka tasha da kaina, in ɗaukar maka jaka."

Da mai rami sha biyun ce a gabana, da ba abin da zan ce mishi sai Allah ya kiyaye hanya. Wannan kuwa da ka sauke mata kaya sai ta koma ordinater ta kowa da kowa. Kwana huɗu muka yi a kai. Na aika katunan da direban da na yarda da shi, fano suka iso ranar ta uku, konbertiser, mai mayar da wutar batir ta gida, ranar ta huɗu. Na hau rufin kwanon ɗakin Hamadu da shekaruna, wandona ya yage a inda ba a faɗi, matan layin suka ga abin da ba su biya ba.

Ranar kasuwa da hantsi, garin ya kwana uku ba kuran, ko firji ba ya ƙara, Hamadu ya kunna. Ya ƙure muryar telebijin. Ihun 'yan kallon nan na cikin wasa ya fita ta taga ya bi gudron. Wallahi kamar an buga ganga. Samari suka fito daga lunguna, 'yan kasuwa suka bar yaransu a kan kaya, wani jandarma ya zo ganin abin da ya tara mutane, ya kama layi shi ma. Kafin rana ta take, layin ya kai bakin kwalta, masu jira suna miƙo wayoyi a sa musu caji.

Sambo ya shigo gari tun da safe. Ban aika mishi ba, masu kawo nono ne suka kai labari. Bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a ƙetaren hanya ƙarƙashin itacen bedi, sanda a kan kafaɗu, hannuwa a rataye.

Sai ga Idi a kan kabu-kabu, jaka a baya.

"Hamadu! Mota ta cika, kai kaɗai ake jira!"

Hamadu yana tsakiyar raba gardama, wani na cewa shi ke gaba, wani na cewa ƙarya ne. Jakar Hamadu tana bayan ƙofa a ɗaure, na gan ta da idona. Ya kalle ta, ya kalli layin.

"Idi, kai ma ka gani. Wa zan bar ma wannan?"

"Mun yi magana hwa!"

"Mun yi. Ka ce ma direba ya sai da wurina." Ya juya ga masu gardama, ya sake juyowa. "In kuma ba ka sauri, riƙe mini layin ga, sun fi ƙarfina."

Idi ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a baya. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, bai ɗauka ba. Ta sake yi. Wani ƙato ya ture shi zai shige gaba, Idi ya cafko rigarsa.

"Kai, ina za ka? Ba ka ga mutane ba? Koma baya!"

Ya sauke jakar don ya ji daɗin riƙe ƙaton. Ba a jima ba motar ta wuce ta gabanmu, kaya a sama, mutane a kan kaya. Sambo ya bi ta da ido har ta sha kwana. Sannan ya sauke sandarsa, ya ƙetaro hanya, ya tsaya kusa da ni.

"Kaɗo."

"Na'am, bawana."

"Wanga abu da suke dannawa, tsoho na iya yi?"

Idi ya buɗe mana hanya, samari suna ihu, aka ba mu kujerun gaba. Hamadu ya durƙusa ya nuna wa ubansa inda ake gudu da inda ake bugawa, sau ɗaya tak. Mutumin da bai taɓa riƙe manet ba, ya riƙe ta a juye ma da farko, ya ci ni uku ba ko ɗaya, kowace ƙwallo kuma sai ya miƙe tsaye ya yi kirari da Fulatanci.

Manet ɗina ce ta lalace. Na duba ta daga baya da kaina, kuma a garin nan ni ne mai gyara, maganata ake ɗauka.